Na je a cire mini jakar iska, sai na tarar babu ita

Ranar da uwargidata ta fita yawon arba'in ne abin ya faro. Mun taso daga Yelwa za mu Jambutu gidan gwaggonta, Inna na gaba kusa da ni rungume da jaririyar, ita kuma mai jego tana baya da kayan gaisuwa. Daf da babbar kasuwar Garwa wani mai mashin ya yanko mini ta hannun dama. Na take birki. Ba mu taɓa shi ba, kuma ba gudu nake ba, amma Inna ta yi gaba da dukkan jikinta, har kan yarinyar ya rage taƙi ɗaya ya bugi tablo, wato allon gaban mota. Inna ta yi salati ta gyara zama ta ce mu je, babu komai. Ni kuwa idona ya tsaya a kan ɗan rubutun nan da ke jikin tablo, daidai inda kan ɗiyata ya nufa, wanda ke nuna cewa jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo, na kwance a wurin.

Da dare na ba maƙwabcina labari. Direba ne, ya shekara goma sha yana bin hanyar Marwa zuwa Kusiri. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Malam, gobe ka je a cire maka wannan abin. Fashewa yake yi kamar bindiga. Ka faɗa rami ma sai ya tashi, in akwai yaro a gaba shi ke nan." Na kwana da maganar. Da safe, da yake ranar Asabar ce babu makaranta, na nufi garejin wani dattijo mai gyaran wutar mota a wajen Rumde Ajiya, wanda kowa ke kira Baba.

Motar ƙarama ce ƙirar Japan ta 2007, wadda ta yi zamanta a Beljiyam kafin a sauke ta a Duwala. Wata takwas ke nan da na saye ta a hannun wani dillali, bayan na shekara huɗu ina zubin adashi da albashin malamin lissafi. Fenti sumul, kujeru tsaf, takardu cikakku har da na bizit teknik, wato binciken lafiyar mota.

Na gaida Baba na ce masa erbag, wato jakar iska, nake so a cire, na gaba duka biyun. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya aiko ka?" Na faɗa masa abin da ya faru jiya. Bai ce komai ba. Ya karɓi makulli ya zauna a kujerar direba, ya murɗa kontak ba tare da ya ta da inji ba, ya zura wa fitilun tablo ido. Ta mai ta kawo, ta batir ta kawo, ta birkin hannu ta kawo. Ya kashe ya sake murɗawa. Sai ya ce in leƙo in nuna masa ta erbag.

Ban ma san akwai ta ba. Ya kira yaronsa ya ce ya kunna wata mota da ke gefe. A tablonta wata 'yar jar fitila ta kawo, hoton mutum a zaune ɗaure da bel, da ƙwallo a gabansa. Ta yi kamar daƙiƙa 6 ta mutu. Baba ya ce, "Wannan ita ce bakin erbag. Duk sanda ka murɗa makulli sai kwamfutarsa ta bi wayoyinta ta duba kowa na nan. In lafiya, fitila ta mutu. In ta tsaya a kunne, akwai ciwo. In kuwa ba ta kawo ba sam, to wani ne ya toshe mata baki."

Suka kwance gilashin tablo suka zaro allon agogunan. A bayan hoton ɗan mutumin nan an manna baƙin salatif, ninki uku, an yanka shi daidai wurin da kyau kamar aikin tela. Yaron ya ɓare shi, aka mayar da allon aka murɗa makulli. Fitila ta kawo jawur ta ƙi mutuwa. Watau tun ranar da na sayi motar take ta ƙwala kira a ƙarƙashin salatif ni ban ji ba.

Baba ya aika aka aro masa na'urar nan ta binciken mota da suke kira baliz, aka jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Ta rubuto da Faransanci cewa kwamfutar jakar iska tana riƙe da shaidar karo, kuma ɗan harsashin da ke ɗame bel ɗin direba ya riga ya harba. Nan na tuna bel ɗina tun farko ba ya komawa da kansa sai na tura shi, na ɗauka tsufa ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fara koya mini girman wannan abu. Baba ya cire kan batir, ya sa muka koma inuwar dalbejiya muka zauna. Na ce me muke jira? Ya ce kwamfutar tana da ɗan rumbun wuta nata na kanta, domin ko batir ya tsinke a tsakiyar haɗari ta iya harba jakar, saboda haka ko an cire batir sai an ba ta lokaci ta huce. Littafin motar ya ce minti ɗaya da rabi, shi kuwa minti goma yake ba ta. Ya kuma gargaɗi yaronsa a gabana cewa duk fulogi mai launin rawaya a cikin mota na erbag ne, kada ya kuskura ya sa masa mitar gwada wuta, don 'yar wutar da mita ke turawa tana iya tayar da shi a fuskar mai aiki.

Da suka kwance murfin tsakiyar sitiyari, Baba ya miƙo mini shi. Ba nauyi. Na juya bayansa, sai ga soso irin na katifa an cusa an liƙe da gam. A bakin fulogin rawaya kuma an maƙala wani ɗan ƙanƙanin rezistans, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda aikinsa kawai ya yaudari kwamfuta ta ɗauka jaka na nan. Da yaudarar ba ta isa ta kashe fitilar ba saboda shaidar karon da ke ciki, sai aka bi ta da salatif. Ta ɓangaren fasinja kuwa jakar tana nan kwance, amma Baba ya ce muddin kwamfutar na cikin wannan hali babu mai iya rantse maka cewa za ta tashi ranar da ake bukatarta.

Na zauna a kan benci na rasa ta cewa. Na tuna tafiyar da na yi Ngaundare a watan Disamba, na gangaro tsaunin nan mai kwana-kwana kafin Mbe da daddare, manyan motoci na haska ni, ina jin ai ko ba komai motata ta zamani ce.

Baba yana da wani kwali a bayan shago inda yake tara matattun kayan erbag. Ganin na ƙi tafiya, ya zazzage shi a gabana. Ya nuna mini kwamfutar, wani ɗan akwatin ƙarfe da ake ɗaure shi da kusoshi a ƙasan mota kusa da giya. A cikinsa akwai abin da ke auna yadda mota ke rage gudu, a gaban mota kusa da lagireto kuma akwai wasu masu taya shi ji. Ba ƙarar karo suke saurara ba, ba kuma lanƙwashewar ƙarfe ba. Abin da suke aunawa shi ne yadda gudu ya yanke farat ɗaya. Birki komai ƙarfinsa ba ya kai wannan mizanin, shi ya sa abin da ya same mu a bakin kasuwa ba zai taɓa tayar da jaka ba ko da tana nan. Daga baya na karanta cewa a ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, jakar gaba tana tashi ne in karon ya kai kwatankwacin a daki katanga mai ƙarfi da gudun kilomita 13 zuwa 23 a awa ko fiye. Adadin ya yi mini kaɗan da farko, sai na tuna katanga ba ta matsawa. Mota ta daki bayan wata mota mai tafiya, ko akuya, wannan lissafi ne dabam.

In kwamfuta ta yanke hukunci, sai ta tura wuta zuwa wani ɗan gwangwanin ƙarfe da ke bayan jakar. Baba ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu, kamar gwangwanin tumatir mai huji-huji a gefe, ya yi baƙi da ƙuna. A ciki akwai ɗan abin kunnawa kamar kan ashana, da ƙwayoyin sinadari. Wuta ta taɓa kan ashanar, ƙwayoyin su ƙone cikin ƙiftawa, su saki iskar naitirojin mai yawa, ita ce ke cika jakar nailan da aka ninke, ta tsaga murfin ta inda aka riga aka yi masa layi mai rauni, ta fito. Ba famfo ba ne, ba kuma tulun iska ne a ajiye a sitiyari ba. Ƙonewa ce aka sarrafa. A motocin dā sinadarin sodiyam azayid ake sawa, wanda guba ne kafin ya ƙone, daga baya aka koma wasu.

A nan malamin lissafin da ke cikina ya motsa. Jakar direba, wadda ke ɗaukar wajen lita 60, tana cika ne cikin kamar kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Ƙiftawar ido ta fi haka daɗewa sau uku ko huɗu. Na ɗauki tsinke na yi lissafi a ƙasa: mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 16 da ɗoriya a daƙiƙa, saboda haka a ɗan lokacin nan rabin mita kacal take ci. Rabin mita kuwa shi ne kusan abin da ke tsakanin ƙirjin direba da sitiyari. Dole jaka ta riga ƙirji isa wurin, shi ya sa take fitowa da gudun da ke iya kai kilomita 300 a awa. Kuma ba ta tsayawa a kumbure. Tana da ƙofofi a bayanta, da jiki ya faɗa mata sai ta fara sacewa, wannan sacewar ce ke shanye ƙarfin. Farin hayaƙin da mutane ke gani su ɗauka gobara ce, yawancinsa ƙurar ƙonewar ce da hodar da ake barbaɗa wa jakar don kada ta manne. Sau ɗaya take aiki a rayuwarta. Haka ma ɗan harsashin da ke jikin bel, wanda ke fizge shi ya ɗame mutum a kujera daidai lokacin karo.

Sai na gane maƙwabcina ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiya ya riƙe. An ƙera jakar ne domin babban mutum da ke zaune a jingine, ɗaure da bel, wanda zai iske ta bayan ta gama cika. Wanda ya riga ya kusanci murfin kafin ta fito, shi ba matashi zai iske ba, naushi zai sha. Jaririn da ke kan cinya yana daidai bakin murfin. A Amurka an ƙirga mutum kusan 290 da jakar iska ta yi ajalinsu a ƙananan haɗurra daga 1990 zuwa 2008, akasarinsu yara da waɗanda ba su ɗaura bel ba, kuma a motocin da aka ƙera kafin 1998, kafin a rage wa jakunkunan ƙarfi. Amma hukumar nan dai ta ƙiyasta cewa daga 1987 zuwa 2017 jakunkunan gaba sun tsirar da rayuka fiye da 50,000 a ƙasar. Maganar rami ma tana da tushe: littafin motata da kansa ya ce mugun duka a ƙarƙashin mota, kamar faɗawa rami mai zurfi da gudu ko dukan dakalin titi, yana iya tayar da ita. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga ya san dalilin da direbobinta ke tsoro. Sai dai ramin da zai tayar da jaka, ya isa ya haɗa goshin direba da sitiyari ko babu ita.

Na ce wa Baba, to yanzu ta fasinjan fa, a cire ta tunda ita ce a gaban yarinya? Ya ce, "In na cire ta, Inna za ta ci gaba da zama gaba da jaririya a cinya, kai kuma hankalinka kwance. Ranar da aka yi karo, me zai tare yarinyar? Gilashi." Wannan ma na lissafa shi daga baya: karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Babu kakar da hannunta zai riƙe jika a wannan faɗuwar, komai son da take mata. Ya ce shi ba ya cire lafiyayyen erbag, ko nawa za a ba shi, don mota ba ta mutuwa a hannun mutum ɗaya, gobe wani zai saya ya ga rubutu a tablo ya dogara da shi. "Kamar yadda kai ka dogara," in ji shi.

Daga nan ya buɗe ƙofar fasinja ya nuna mini wani abu a gefen tablo da ban taɓa lura da shi ba: 'yar kafar makulli mai matsayi biyu. Motoci da yawa da aka yi wa kasuwar Turai suna da ita. Da makullin mota ake murɗa ta, mota a kashe, sai jakar fasinja ta daina aiki, wata fitila ruwan ɗorawa ta tsaya a kunne tana tuna maka. Ya sauke abin tare rana, ga hoton kujerar jariri mai kallon baya an ja mata jan layi. Domin wannan kaɗai aka yi makullin.

Maganar doka ta ɗauke ni makonni, don na so in san inda na tsaya kafin in tunkari dillali. Na fara da ƙasashen da motocin ke fitowa. A Faransa dokar hanya ta hana a sa yaron da bai kai shekara 10 ba a gaba sai da wasu dalilai ƙididdigaggu, ɗaya daga ciki shi ne jariri a kujerarsa mai kallon baya, da sharaɗin an kashe jakar fasinja. Ka ga a wannan hali kashewar ba halas kawai ba ce, wajibi ce. Amma motar da fitilar erbag ɗinta ta tsaya a kunne ba ta wucewa a binciken lafiyar mota sai an gyara an dawo. Haka yake a Ingila. A Amurka, inda aka wajabta jaka biyu a gaban sababbin ƙananan motoci tun ƙirar 1998, dokar tarayya ta haramta wa kamfani, dillali ko gareji ya kashe duk wani kayan kariya da aka ƙera mota da shi. Mai son a sa masa makullin kashewa sai ya nemi izini a rubuce daga hukuma, kuma tun 1998 kashi huɗu ake ba wa: mai jariri da dole sai a gaba, mai yara 'yan shekara 1 zuwa 12 da babu yadda za a yi su zauna a baya, direban da ba zai iya barin tazarar santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari ba, da mai wata lalurar da likita ya tabbatar. Abin da ya ja hankalina shi ne ko a can ba cirewa ake yi a ɓoye ba. Makulli ake sawa da fitila mai shela.

A nan gida Kamaru kuwa, abin da jandarma ke nema a shinge kowa ya san shi: lasin, kart giriz (takardar rajistar mota), inshora, bizit teknik, sai ya leƙa ya ga ko ka ɗaura bel. Dokar hanyar da muke bi ta CEMAC ce, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, ta 2001, mu da Chadi da sauran huɗun. Ni dai tunda nake tuƙi ba a taɓa tambayata jakar iska a hanya ba, kuma salatif ɗin da ya rufe mini ido shi ya rufe wa masu duba motar. Wannan ne ke sa mutane su ce ai babu doka. Amma doka ba a shingen jandarma ta ƙare ba. Wani abokin karatuna da ke aikin lauya ya buɗe mini kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016, ya nuna mini sashe na 289, mai hukunta wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta hanyar sakaci ko ganganci, da sashe na 318, wanda zamba ke ciki. Ya ce mai garejin da ya cusa soso, da wanda ya sani ya sayar bai faɗa ba, su yi tunanin ranar da za a ciro gawa a kuma ciro sosonsu a gaban alƙali. Ya ƙara da cewa kamfanin inshora ma in ya gano an sauya wani abu a mota da ke ƙara haɗari ba a sanar da shi ba, ya sami ƙofar jayayya.

Ban kai dillalin kotu ba. Unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya. Na ɗauki murfin sitiyarin da sosonsa a leda na kai wa limaminmu, aka kira dillalin bayan la'asar. Ya rantse cewa haka ta iso masa daga Duwala, kuma ina jin zai yiwu gaskiya ya faɗa, don motar ta bi hannu uku kafin ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare. Liman ya ce masa, "Alhaji, mun yarda ba kai ka cusa ba. Amma kai ka ce masa ba ta taɓa haɗari ba, alhali ba ka bincika ba." Ya karanto hadisin nan na wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ya ce aibin da aka ɓoye a haja haƙƙi ne a wuyan mai sayarwa, ko a buhun gero ko a mota. Aka daidaita zai biya rabin kuɗin gyara. Ya biya kashi biyu, kuma na ji an ce yanzu shi ma kontak yake fara murɗawa kafin ya karɓi mota.

Sai batun inda za a samo sabuwar jaka, wanda ya fi komai ci mini rai. A wajen 'yan kas, masu sayar da kayan motocin da aka farfasa, an ce mini akwai ta sefa dubu 35. Sabuwa daga wakilin kamfanin a Duwala, da bel da kwamfutar, ta haura albashina na wata biyu. Na kusa karkata ga ta kas. Abin da ya tsayar da ni labarin Takata ne. Kamfanin Japan ne da ya yi wa manyan masu ƙera motoci da dama jakunkuna, ya riƙa sa sinadarin amoniyam naitiret a gwangwanin, dangin takin zamani. Duk wanda ya taso cikin manoman auduga a ƙasar Binuwai ya san abin da raɓa ke yi wa buhun taki in ya kwana biyu. To haka zafi da laima ke lalata ƙwayoyin nan shekara bayan shekara, har ranar da aka kunna su su ƙone da saurin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su fito wa mutum a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67, wato an nemi masu motocin su kawo a canza, kuma zuwa 2024 an tabbatar da mutuwar mutum 28. Kamfanin ya karye a 2017. A Faransa, a 2024, har umarni aka ba masu wasu motocin Citroën C3 da DS3 su daina tuƙa su sam sai an canza. Yanzu ka ɗauki wannan ka auna da ƙasarmu: laimar tashar jirgin ruwan Duwala, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana, sannan damina ta zo. Motocin da suka tsufa a Turai nan suke gangarowa, wasiƙar kiranye kuma ba ta san adireshinmu ba.

Motar da aka yi wa kasuwar Turai tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, tana jikin kart giriz. Na shigar da tawa a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, na reshen Turai, aka nuna babu kiranyen da ke kanta. Wannan ya kwantar mini da hankali game da jakar fasinja. Amma ta kas ba ta da lambar shasi. Ba ka san motar da aka ciro ta ba, ba ka san damina nawa ta yi a tsakar gida ba, kuma babu hanyar gwada ta sai ranar da ba a maimaitawa. Baba ya ce araha ba ta ado. Na sayar da ragon da nake turke da shi, na haɗa da kuɗin dillali da bashin wani ɗan'uwa, aka yi oda.

Mako biyar ana jira. A tsawon lokacin na ci gaba da zuwa makaranta da motar, jar fitila na kallona, na matsar da kujera baya, ban wuce cikin gari ba. Na ƙi yarda a mayar da salatif ko na kwana ɗaya.

Ranar ɗaurawa Baba bai bar yaro ya taɓa ba. Ya cire batir, muka yi zaman dalbejiya. Ya ɗauko sabuwar jakar yana riƙe da ita fuskarta na kallon gaba, ba jikinsa ba, da zai ajiye kuma ya ajiye ta rigingine, murfi sama, ya ce in aka kifa ta ta tashi, ita kanta za ta zama harsashi. Ya duba wayar nan mai naɗi kamar gammo da ke cikin sitiyari, wadda ke barin sa ya juya ba tare da layin jaka ya tsinke ba, ya ce lafiyarta ƙalau, kuma sau da yawa ita kaɗai ce ke sa fitila ta tsaya a motocin mutane, gyaran da bai taka kara ya karya ba, amma sai su zaɓi a kashe fitilar. Ya canza bel, ya ɗaure sabuwar kwamfuta kibiyarta na kallon gaba, aka jona baliz. Da zai mayar da batir ya ce kowa ya fita daga motar. Ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli. Jar fitila ta kawo. Na ƙirga a zuci har shida. Ta mutu.

Saura Inna, kuma wannan ba aikin sifana ba ne. A wurinta kujerar gaba girma ce, kuma a ɗauki jaririya a ɗaure ta cikin wata roba ita kaɗai rashin tausayi ne. Na samo kujerar jarirai ta hannu a kasuwa, na ɗaure ta a baya tana kallon baya. Inna ta dube ta ta ce, "Mu da muka goye ku a kan jaki har kuka girma?" Na ce, "Inna, jaki ba ya gudun kilomita 80." Ba ta ji daɗin amsar ba, ni ma na ga na yi gaggawa. Washegari na ɗauke ta ita kaɗai na kai ta garejin. Baba ya gaishe ta da Fillanci da Hausa, ya sa aka kawo mata kujera, ya ɗauko wata tsohuwar jaka da ta riga ta tashi, da tsagaggen murfinta, ya ɗora mata a cinya. Ta shafa robar, mai kauri kamar tafin takalmi, ta ga yadda ta yage gida biyu. Ya ce, "Hajiya, abin da ya yi wa wannan haka, a nan kan jikarki yake zama." Ta daɗe tana juya shi. Ta ce a mayar da ita gida.

Makullin gefen tablo sau ɗaya na taɓa amfani da shi, ranar da muka kai wata maƙwabciya asibiti a kwance a kujerar baya, dole kujerar yarinya ta dawo gaba. Na kashe mota, na murɗa, fitila ruwan ɗorawa ta kawo, na tura kujerar fasinja can baya. Da muka dawo, kafin in shiga gida na mayar da shi yadda yake, don ƙanena ke zama wurin da safe.

Ranar Lahadin da ta wuce muka tafi kasuwar Pitowa. Inna ta buɗe ƙofar baya da kanta ta zauna kusa da kujerar jikarta, ta ja bel ta miƙa wa uwargida ta maƙala mata. Na murɗa makulli na dakata. Daga baya na ji muryarta, "Ta mutu?" Na ce, "Ta mutu, Inna." Ta ce, "To bismillah, mu je, kada rana ta yi."